Kafaɗa Mai Gocewa: Kada Ki Ɓoye, Akwai Magani

'Yan uwana 'yan mata, yau zancen lafiya na kawo muku, don lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Zancen kuwa na kafaɗa ne, wadda da ita muke daka, mu ja guga, mu ɗaura ɗankwali.

Duk gaɓoɓin jiki babu wadda ta kai kafaɗa juyawa, shi ya sa ta fi saurin gocewa. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbinsa kuwa ba zurfi, kamar ki ɗora lemo a kan murfin kwalba. Wani zoben guringuntsi da jijiyoyi ne ke riƙe da shi. In aka faɗi, ko aka fizgi hannu, ko farfaɗiya ta kada mutum, sai ƙashin ya fice, galibi ta gaba, ya yaga zoben. To ko an mai da ƙashin, ba lallai zoben ya koma ya manne ba. Wadda abin ya fara samu kafin ta cika shekara 20, ita ce ya fi yi wa kome.

Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da ta faɗi wajen wasanni a makaranta, aka kai ta gidan mai ɗori ya ja hannun. Tun daga nan, ko riga za ta sa sai kafaɗar ta goce, ta cije ta mai da abarta. Shekara biyu tana ɓoyewa. Da na ritsa ta sai ta fashe da kuka: "Anti don Allah kar ki gaya wa Umma, kar dangin saurayina su ce musaka ce ni." Haba 'yar nan! Ai ɓoyon shi ne hanyar nakasa, domin kowace gocewa tana ƙara cin bakin gurbin.

A asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da aka buɗe a 1959, hoto ake fara ɗauka. Wata gashin ƙashi da motsa hannu sun ishe ta. In gocewar ta ƙi ƙarewa sai aiki. Na farko shi ne ɗinke zoben a jikin ƙashi, wanda wani likitan Ingila, Bankart, ya bayyana a 1923. Yanzu akan yi shi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, tabon ma ba ya kai ya kawo. In bakin gurbin ya riga ya cinye, sai aikin da Latarjet na Faransa ya fito da shi a 1954: a yanko ɗan ƙashi daga allon kafaɗa, a kafe shi da kusoshi ya zama katanga. Bayan aiki za ki rataye hannu a wuya wajen sati 4 zuwa 6, sannan gashi. Daka da guga sai bayan wasu watanni.

Sai amosanin gaɓa, wato guringuntsi ya zaizaye, ƙashi na gugar ƙashi, ga ciwon dare, taje kai ya gagara. Kada ki ce na tsofaffi ne kawai. Yawan gocewa na jawo shi, haka sikila, wadda kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin. In magani da allura da gashi sun kasa, akan sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba, amma likitoci kan jinkirta wa matasa, don gaɓar kanti tana tsufa.

Don haka ƙanwata, ranar da kafaɗa ta goce kada ki bari kowa ya ja, musamman in hannun ya mutu ko yatsu sun yi sanyi. Ki gaya wa Umma, a nufi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayin da tabon aiki zai kora kuwa, dama can ba naki ba ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.