Bayajidda: Mene Ne Gaskiya, Mene Ne Ƙari?

Kusan duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya haddace labarin: ɗan sarkin Bagadaza ya baro gida, ya ratsa Borno ya auri Magira, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya kashe macijin rijiyar Kusugu, sarauniya Daurama ta aure shi. Matsalar ita ce yadda ake yaɗa shi yau a wayoyi da majalisu, har wasu na rantsuwa cewa Hausawa jikokin Larabawan Iraki ne.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma labarin da kansa ya ƙaryata ta. Wa baƙon ya tarar a Daura? Gari ne da mutanensa, da sarauniyarsa, da jerin magajiyoyin da suka gabace ta. A Gaya ma ya tarar da maƙera suna aiki. Mutumin da ya roƙi ruwa a gidan tsohuwa Ayana a Daura ba zai zama kakan tsohuwar ba. Littafin tarihin sarakunan Kano shi ma ya nuna cewa kafin Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda ake ƙiyasta hawansa a 999, akwai Barbushe da jama'arsa a gindin Dala, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano shaidar narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Harshe ya ƙara tabbatar da haka. Hausa na cikin dangin harsunan Cadi, 'yan'uwanta na kusa su ne irin su Bolanci da Badanci da Ngizim. Kalmomin Larabci da ke cikinta aro ne da ya zo ta hanyar Musulunci da fatauci.

Sai batun Abu Yazid. Gaskiya ne an yi wannan mutum: ɗan ƙabilar Berber ne na Arewacin Afirka, wanda ya yi wa daular Fatimiyya tawaye, ya mutu a hannunsu a 947. Masana irin su H. R. Palmer da W. K. R. Hallam sun yi hasashen cewa sunansa ne ya rikiɗe ya zama Bayajidda, wataƙila ta bakin mabiyansa da suka gudo kudu. Hasashe ne kawai. Shi dai Abu Yazid bai taɓa taka Daura ba, ba kuma ɗan Bagadaza ba ne. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya yi jayayya da ra'ayin cewa baƙi ne suka kafa daulolin Hausa, ya nuna sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, kuma a ganina hujjarsa ta fi ƙarfi.

Abin da ya tabbata kuwa: rijiyar Kusugu na nan a Daura, kowa na iya zuwa ya gani, kuma Daura da Biram da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano masarautu ne na haƙiƙa. Mai yiwuwa labarin ya adana tunawa da lokacin da mulki ya tashi daga hannun mata ya koma ga maza. Wannan abin nazari ne, bai kamata a watsar ba.

Inda labarin ya fi ɓarna shi ne laƙabin Banza Bakwai da yake bai wa wasu al'ummomi. Nufawa da Yarbawa da Gbagyi da Jukunawan Kwararrafa suna da nasu harsuna da tarihi, ba su fito daga tsatson Karɓagari, ɗan Bayajidda, kamar yadda labarin ke cewa ba. Kabi da Zamfara kuwa Hausawa ne, kuma a ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya gagari rundunar Songhai. Malamai da iyaye, ku ci gaba da ba yara labarin Bayajidda, amma ku gaya musu almara ce ta gado, kuma Hausawa na ƙasarsu tun kafin zamanin da ake cewa ya zo.