Yadda Sakkwato ta shiga tarihin sarrafa murya a kiɗan rok

A shekarar 2008 ne wani matashi makaɗin gita daga Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a birnin Sakkwato.

Abin da ya fi jan hankali a faifan dai shi ne muryar, wadda na'ura ta mayar mai kaɗawa kamar ta ƙarfe, irin wadda aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa.

Waƙoƙin sun bazu a yankin Sahel ta hanyar turawa daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya saka guda a wani faifai a 2011. Yanzu haka Mdou Moctar na cikin fitattun makaɗan rok na Afirka.

Asalin dabarar

Sauya murya da na'ura ya girmi kwamfuta. A 1944 wani ɗalibi a birnin Alkahira, Halim El-Dabh, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, mai kama da bori, kana ya sarrafa su da amsa-kuwwa har kalmomin suka ɓace, sai amo kawai.

A 1948 kuma Pierre Schaeffer ya soma harhaɗa kiɗa daga sautukan da aka ɗauka, a gidan rediyon Faransa.

Da zaren ɗaukar sauti irin na kaset ya yawaita, sai aka riƙa yanka shi ana liƙawa, ko a juya shi baya, ko a ƙara masa gudu domin murya ta sirance. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta shigar da wannan cikin rok a 1966, a faifanta Revolver.

Zuwan kwamfuta

A 1997 ne aka fito da manhajar Auto-Tune a Amurka. Aikinta shi ne auna tashin murya, sannan ta janyo ta zuwa daidai ma'aunin kiɗa. Idan aka sa ta yi gyaran nan take, murya kan riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, wanda maƙogwaron mutum ba ya iyawa.

Wato abin da aka ƙirƙira domin ɓoye kuskure, shi ne ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka mayar ado.

Sai dai akwai abin dubawa. A ƙasar Zamfara, inda Musa Ɗankwairo ya yi tashe, da murya ake gane mawaƙi tun daga nesa, shi da 'yan amshinsa. Na'urar kuwa takan sa muryoyi su yi kama da juna.

Shi kansa Mdou Moctar, a faifansa Afrique Victime na 2021, ƙarar gita ya fifita, ya bar muryarsa kusan yadda Allah ya yi ta.