Turanci ma yana da adon magana, kada ka fassara shi kalma-kalma

Kwanakin baya a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wata mata ta tambaye ni kuɗin kwandon tumatir. Da na faɗa, sai ta ce "it costs an arm and a leg". Jin an ambaci hannu da ƙafa, raina ya ɓaci, na ɗauka ɓarawo take kirana. Ashe tsada kawai take nufi. Kafin yaron shagona ya fahimtar da ni, ta yi ciniki da maƙwabcina.

Jama'a, mu ma fa haka muke yi. In ka ce wane yana da dogon hannu, ai ba tsayin hannunsa kake nufi ba. To haka Bature yake cewa "kick the bucket", ba bokiti aka shura ba, mutum ne ya rasu. Akwai kuma kalma mai fuska biyu: "interest" na nufin sha'awa, kuma na nufin kuɗin ruwa. Kula da ita in za ka sa hannu a takardar banki.

Dabarar ita ce ka haddace furucin dunƙule, ka lura da inda aka faɗe shi. Yaranmu ma, irin waɗannan suna fito musu a jarrabawar WAEC. In ba ka gane ba, tambayi mai maganar kafin ka yi fushi.