Kunne Ma Yana da Garinsu

Mai karatu, ko ka taɓa lura da ɗalibin da aka tura bautar ƙasa Ibadan? A makon farko, in ya ji kiɗan fuji yana tashi a tashar mota, sai ya ce hayaniya ce tsagwaronta. Kafin shekara ta kewayo sai ka tarar da shi yana kaɗa ƙafa, har ya dawo gida da shi cike da wayarsa. Kiɗan dai bai sake ba. To, mene ne ya sake?

Tun zamanin Girkawan dā, masana a Turai suke ganin cewa daɗin sauti abu ne da ake haihuwar mutum da shi. Hujjarsu kuwa ta lissafi ce: idan aka kaɗa tsirkiya biyu tare, tsawon ɗaya kashi biyu cikin uku na ɗayar, amonsu yakan dace, kunnen Bature ya ji garɗi. In aka kauce wa irin wannan ma'auni kaɗan, sai ya ji kamar sautukan suna faɗa da juna.

A shekarar 2016 wani masani mai suna Josh McDermott, na jami'ar MIT da ke Amurka, da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa wannan ra'ayi a mujallar Nature. Sun je wurin Tsimane, wata al'umma da ke zaune cikin dajin Amazon a ƙasar Bolibiya, wadda kiɗan Turawa bai cika isa gare ta ba. Suka sa musu sautuka masu dacewa da marasa dacewa, suka ce kowa ya faɗi yadda ya ji daɗinsu. Abin mamaki, mutanen Tsimane ba su fifita kowanne ba, alhali kuwa kunnensu lafiya lau yake, don da aka sa musu muryar dariya da ta firgita, dariyar suka zaɓa kamar kowa. Mazauna garin San Borja da birnin La Paz sun fifita sautuka masu dacewa, amma ba kamar Amurkawa ba. Wato gwargwadon kusancin mutum da irin kiɗan, gwargwadon yadda kunnensa yake karkata.

To, yaushe wannan karkata take farawa? Da wuri ƙwarai. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub suka gwada jarirai da manya a Arewacin Amurka da kiɗan yankin Balkan, inda ake da kari mai bugu bakwai da ake raba shi biyu, biyu, uku. Jarirai 'yan wata shida sun gane in an ɓata karin, kamar yadda suka gane a kiɗan ƙasarsu. Manyan kuwa suka kasa, sai waɗanda asalinsu 'yan Bulgeriya ne ko Masedoniya. 'Yan wata goma sha biyu ma sun riga sun fara kasawa, amma da aka riƙa sa musu kiɗan a gida har mako biyu, sai ganewar ta dawo. Manya da aka yi wa haka ba su kamo su ba. (Ina ganin shi ya sa dattijo yakan yi shekaru ashirin a wani gari, amma ba ya rabuwa da kiɗan da ya ji a bayan uwarsa.)

Duk da haka kunnen babba bai rufe ba. Tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yakan sa a ƙara son sa, ko da kalma ce marar ma'ana. A nan ne ɗalibinmu na Ibadan ya shigo. Wucewa ta gari ba ta sauya kunne. Zama ne yake sauya shi, a ji yau a ji gobe, a wurin biki da kasuwa, tare da mutanen da aka saba da su.

Tarihinmu yana da misali babba. Kafin jirgin sama, alhazai da ƙafa suke bi ta Borno da Chadi zuwa Sudan, tafiyar da takan ci shekaru, wasu ma ba sa dawowa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, ɗansa Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da har yau ake kira da sunansa. Daga zuriyar irin waɗannan matafiya aka sami A'ishatu Falatiya, ɗaya daga cikin matan farko da suka rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Kiɗan Sudan yana tafiya ne bisa matakan sauti biyar, kamar da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu na gargajiya, saɓanin na Masar mai matakai bakwai. A ganina wannan ne ya sa Bahaushe ba ya jin baƙunta in ya ji shi.

Wani lokaci kuma kiɗan ne yake yin tafiyar, mutum yana zaune. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwara suka riƙa nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Arewa. Yaran Kano da ba su taɓa taka Bombai ba suka tashi da karin waƙoƙinta a kunne, har masu bandiri suka ɗauki karin suka ɗora masa yabon Annabi (S.A.W.), kafin finafinan Hausa na shekarun 1990 su zo su ɗora nasu.

Malami zai iya gwada abin a aji: ya zaɓi kiɗan da ɗalibai ba su taɓa ji ba, kowa ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. A riƙa sa shi minti biyar kullum har mako biyu, sannan a sake ba da maki, a kwatanta da na ajin da ba a sa wa ba.