Tafkin Alau: Kafin A Shimfiɗa Tabarma A Bakin Ruwa

Duk wanda ya san Maiduguri a watan Afrilu ya san abin da ake nufi da bazara. Zafi kan haura digiri 40, kwanon rufi ya riƙa ƙara kamar ana taka shi, ruwan randa ma sai ya yi ɗumi kafin azahar. A unguwa irin Dala, inda gidaje suka cika da jama'a tun lokacin da rikici ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, da wuya maigida ya sami wani wuri mai iska da zai kai iyalinsa su wuni. Ranar Sallah yara kan yi tururuwa zuwa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, su zagaya, su sha rana, su dawo gida da ƙura har gira. Alhali kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da gari, a yankin Konduga, ga Tafkin Alau nan kwance. A ganina ya kamata Alau ya zama wurin wunin iyalan Maiduguri, kuma yanzu ne lokacin tsara hakan, tunda ana aikin gyaran madatsar tafkin. Sai dai tsarin da zai amfane mu ya sha bamban da wanda ake gani a hotunan talla, inda ninƙaya ke gaba, jirgi na biye, abinci na ƙarshe. A wurinmu abinci ne mai sauƙi, jirgi sai da sharaɗi, wanka cikin tafki kuwa a bar shi.

Wani zai ce ai ga Tafkin Cadi, me ya kai mu zancen Alau? Gaskiya ne babu ruwan da ya kai shi suna a wannan yanki. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 su janye mafi yawansa, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya, domin yana cika yana raguwa ne gwargwadon ruwan da kogin Shari da Logon suka kawo. Amma Baga, garin da ke bakinsa, na da nisan kusan kilomita 200 daga Maiduguri, kuma tun harin da aka kai garin a Janairun 2015 tsibiran tafkin suka zama wurin da masunta kansu ke shiga da ransu a hannu. Babu mai hankalin da zai ɗebi 'ya'yansa ya nufi can shan iska. Alau shi ne ruwan da ke kusa. An tare kogin Ngadda ne a tsakiyar shekarun 1980, aka kammala a 1986, don samar wa gari ruwan sha da kuma noman rani, kuma an tsara ya riƙe kimanin kubik mita miliyan 112.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu cewa bakin da ya ambaci shaƙatawa a Alau bai san ciwon mutane ba. Suna da hujja. A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ta ɓalle, ruwa ya shiga Fori da Gwange, ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, ya kashe yawancin dabbobin Sanda Kyarimi, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Har yau akwai waɗanda ba su mayar da abin da suka rasa ba. Sai dai a duba yadda abin ya faru. Madatsar da ke can bayan gari, wadda ba mai zuwa sai ma'aikaci da manomi, tana iya tsagewa shekara da shekaru talakan cikin gari bai sani ba. Wurin da malamin makaranta da ɗan jarida da ɗan majalisa ke kai iyalansu ranar Asabar kuwa, ko zaizaya kaɗan aka gani a jikin bango, kafin magariba hotonta ya zagaya WhatsApp. Idon jama'a ma wani nau'in gadi ne. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe kimanin naira biliyan 80 kan gyara da faɗaɗa madatsar; mashigar jirgi ta siminti, rumfuna, bayan gida da famfo ba za su ci ko ɗan abin da za a lura da shi ba cikin wannan kuɗi, in dai tun yanzu aka sa su a lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin gudu shi ne a ce za a gina katafaren otal don Turawa. An taɓa gwadawa a arewa. A zamanin Audu Bako aka gina otal a bakin Tafkin Bagauda a jihar Kano, ya yi tashe na wani lokaci, baƙi suka ɗauke ƙafa, yau harabar ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Masar na iya cika jiragen alfarma a Tafkin Nasser ne saboda gine-ginen Fir'auna na Abu Simbel na bakinsa. Tafkunan Uniyanga goma sha takwas da ke tsakiyar hamadar Cadi kuwa, duk da UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2012, masu isa can ba su taka kara sun karya ba. Kasuwar Alau tana nan cikin Maiduguri: ma'aikacin da ya karɓi albashi, amarya da ƙawayenta, 'yan makarantar da suka gama jarrabawa, iyalin da za su haɗa kuɗin Keke Napep biyu daga Dala su je su wuni su dawo kafin la'asar sakaliya. Waɗannan inuwa suke nema, da wurin alwala, da tabbacin za su koma gida lafiya.

A kan jirgi ne ya kamata a fi tsanantawa, domin a nan ake asarar rai. Kwale-kwalen masunci an sassaƙa shi ne don mutum biyu ko uku da komarsu da kifinsu. Ka tsaya bakin kowane ruwa a arewa ranar kasuwa ka gani: an jera mutane kamar buhuna, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi yatsu huɗu ba, wani yaro na tsugune a tsakiya yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa da yankakkiyar jarka. Mutum ɗaya ya miƙe don ya ɗauki hoto, sauran su karkata gefe guda, shi ke nan. Haka aka rasa aƙalla mutum 29 a madatsar Watari da ke Bagwai ranar 30 ga Nuwamban 2021, yawancinsu 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Haka aka rasa fiye da ɗari a Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, suna dawowa daga biki cikin dare. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: lodi ya wuce kima, babu rigar kariya daga nutsewa, ko kuma an tashi bayan duhu ya yi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta riga ta haramta tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, to amma doka a takarda ba ta ɗaga kan yaro sama da ruwa. Don haka maigida ya zama shi ne ɗan sandan iyalinsa. Ya ƙirga rigunan kafin ya ƙirga kuɗi, ya duba akwai ta ƙananan yara, domin rigar babba zamewa take yi ta kan yaro da zarar ya faɗa ruwa. In matuƙi ya ce “Alhaji, ku shigo kawai, Allah ne ke tsarewa,” a amsa masa da cewa haka ne, kuma ManzonSa (SAW) ne ya ce a ɗaure raƙumi. Gara a biya kuɗin sawu biyu da a cusa gida guda cikin jirgi ɗaya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Tafki irin wannan damina ce ke cika shi, rana da iska kuma su riƙa sha, don a wannan yanki abin da ke tashi sama a shekara ya ninka ruwan saman da ke sauka sau da yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa na nan, rana da sauƙi, tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai sun sauka. Da safe ruwa ya fi kwanciya. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ɗaya gaɓar, a haƙura da jirgi. A Agusta da Satumba kuwa, lokacin da Ngadda ke kawowa da ƙarfi, ba mai abin yi kusa da bakin madatsa.

Sai batun wanka, inda na san da yawa ba za su ji daɗin maganata ba, musamman samari. Haɗarin nutsewa a bayyane yake, tunda ƙasan tafkin madatsa ba shimfiɗe yake ba, akwai tsohon kwarin kogi, da kututture, da laka mai riƙe ƙafa. Amma akwai wanda ido ba ya gani, wato tsargiya. Ƙwayar cutar na girma ne a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale da ciyawar bakin ruwa mai kwanciya. Daga nan take fitowa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ba sai ya sha ruwan ba, ta girma a jijiyoyin jini, ta zuba ƙwai a mafitsara. Bayan watanni sai a ga yaro na fitsari da jini a ƙarshensa. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce, alhali ciwo ne da kan lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita, kuma madatsun ruwa na ƙara mata gida: bayan an kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, garin Richard Toll ya ga ɓarkewar da bai taɓa gani ba. Akwai magani, praziquantel, ana ma raba shi a makarantu, sai dai ba ya hana a sake kamuwa. Masu cewa kakanninmu sun yi iyo a rafi ba abin da ya same su, su tambayi ma'aikatan lafiya na karkara. Mafita ita ce a gina kwamin ninƙaya na siminti a gefe, da ruwan rijiyar burtsatse mai sinadarin kulorin, marar zurfi ga yara, da ranakun mata daban da na maza, da mai tsaro wanda ya iya ruwa. Wannan ne ma zai ba 'ya'yan birni damar koyon iyo, abin da ambaliyar 2024 ta nuna yawancinmu ba mu iya ba, ranar da kwale-kwale ya zama motar haya a titunan Maiduguri. Kuma kada a manta, ruwan da wani ke son yin wanka a ciki shi ne wanda ake tacewa a turo wa gari ya sha.

Abinci kuwa Borno ba ta buƙatar malami. Garin da bandar kifinsa ke tashi daga kasuwar Baga Road cikin kwalaye zuwa Onitsha da Legas ba zai rasa abin ba baƙo a bakin ruwa ba. Karfasa ce aka fito da ita yanzu, aka tsaga, aka shafe da yaji da ɗan mai, aka ɗora a kan ragar waya bisa rabin duro, fatar na tsatstsagewa tana ɗiga a garwashi. Ko farfesun tarwaɗa, ko burabusko da miyar da uwargida ta ƙullo daga gida cikin kula, a rufe da shayi mai kauri. Nan ne kuɗin baƙo zai shiga hannun matan Alau da masuntansu kai tsaye, mutanen da rikici da ambaliya suka taru suka karya musu jari. Sharaɗin ɗaya ne, tsabtar ruwa. Mutanen Dala ba sa buƙatar a ba su labarin kwalara, don a unguwarsu ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa cibiyar jinya lokacin annobar 2017, cutar kuma ta sake dawowa bayan ambaliyar 2024. A ci abin da aka sauke daga wuta ana gani, a zo da ruwan sha daga gida, kada a yarda a wanke kwano ko latas da ruwan tafki.

Saura tsaro, kuma ba zan raina shi ba. Ƙauyukan kewayen Alau sun sha hare-hare a shekarun rikici, kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020 kuma ya nuna cewa kusa da gari ba ya nufin aminci. Saboda haka ba na ce kowa ya ɗauki tabarma gobe ya tafi ba. Ranar da za a buɗe wurin, hukumomin tsaro ne za su faɗa, da mashiga ɗaya, da lokacin tashi tun rana na sama. Masu tsoron kada wurin ya zama matattarar shashanci su ma amsarsu na cikin tsarin: fili ne na rana, a buɗe, mai rumfunan iyali da masallaci, lawani da bulamomin yankin na cikin masu kula da shi. Wurin da aka bari babu tsari shi ne ke lalacewa, don ko an shirya ko ba a shirya ba, ranar da ruwa ya dawo aka buɗe hanya samari za su je, masu jirgi kuma za su ɗebe su.

Kira na ga Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum shi ne su ware gefen shaƙatawa a Alau tun injiniyoyi ba su kwashe kayan aikinsu ba, su yi wa masu jirage rajista, su rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa. Kai kuma maigida, in ranar ta zo, ka tafi da ruwan shanka, ka riƙe hannun ƙaramin, kada ka bar kowa ya taka jirgi sai ka ɗaure masa riga da hannunka.