Harafi Ko Ma'ana: Da Me Za a Zaɓa wa 'Ya Mace Suna?

A gidaje da yawa yanzu, tun ciki bai tsufa ba ake fara shawarar suna, musamman idan hoton asibiti ya nuna mace ce ke tafe. Uwa na riƙe da waya tana bin jerin sunaye da aka tsara bisa haruffa, ƙawaye na turo mata nasu ta WhatsApp, sharuɗɗan kuma biyu ne: sunan ya fara da harafi kaza, kuma kada ya zama wanda kowa ke da shi a unguwa. Wasu harafin sunan uba suke bi, wasu na uwa, wasu kuma so suke 'ya'yan gidan duka su tashi da harafi ɗaya, Amal, Afnan, Amira. Ma'ana sai daga baya ake dubawa, ita ma abin da aka rubuta a gaban sunan ake ɗauka ba tare da an tambayi kowa ba. Neman wa yarinya suna mai daɗi wanda ba a cika ji ba ɗoki ne da ƙauna, babu laifi a ciki. Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka jera abubuwan. Ma'anar suna da asalinsa su ya kamata su shige gaba, harafi ya biyo baya in ya samu wuri.

Kakanninmu ma sun san bambanta yarinya da suna, sai dai hanyarsu daban ce. Ranar bakwai da haihuwa, da sassafe, maza su taru a ƙofar gida, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yanka, mata su amsa da guɗa daga cikin gida. Wannan sunan yawanci na wata ce daga iyalan Annabi (SAW), ko na kaka da aka yi wa takwara. Daga nan sai suna na biyu ya fito, wanda shi ne ke bin yarinyar har tsufa. Wadda aka haifa ranar Talata ta zama Talatu, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Wadda ta zo cikin watan Ramadan ita ce Azumi, ta ranar Idi Tasalla, wadda ta biyo bayan maza Kande, mai bin tagwaye Gambo. Alkunya ma ta haifar da nata: matar da ba za ta iya kiran sunan surukarta ba sai ta ce Ummi ko Hajiya, Fatima ta koma Binta, A'isha ta koma Indo, Hauwa'u ta koma Kulu, Zainab ta koma Abu. Duk wanda ya ji irin wannan suna ya san wani abu game da mai shi, ko ranar zuwanta, ko matsayinta a ɗakin uwarta, ko wadda ta ci sunanta. Babu ɗaya daga cikinsu da aka zaɓa don harafin da ya fara da shi.

Addini ma wajen ma'ana ya karkata. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya canza wa mata sunaye saboda abin da sunan ke nufi. Barra, wanda ke nuna mai shi tana yabon kanta da nagarta, ya mayar da shi Zainab ga wata, Juwairiyya ga wata. Wata 'yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Waɗannan mata sun riga sun girma da sunayensu, mutane sun saba, amma duk da haka aka ga canjin ya fi. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa suna kira ne kawai, kowace ma'ana ya ɗauka ba ta da tasiri. Bahaushe da ya ce suna linzami ne, abin da ya lura da shi ke nan.

Shi kuwa harafin farko da ake ta kafa sharaɗi a kansa, ya fi yadda ake zato rauni. Yawancin sunayen da ake nema na Larabci ne, amma jerin da ake dubawa da boko aka tsara shi, rubutun da bai kafu a ƙasar Hausa ba sai farkon ƙarni na 20, zamanin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Boko kuwa yakan haɗa haruffan Larabci biyu ko uku a ƙarƙashin harafi guda. Amina da A'isha duk A ne a boko, amma a Larabci ba da harafi ɗaya suka fara ba. Halima, Hindatu da Hadiza haruffa uku ne mabambanta. Suna guda ma yakan faɗa gida biyu: Hadiza tana layin H, Khadija tana layin K, alhali mace ɗaya ake nufi. Ummu da ake rubutawa da U a Katsina, a Maraɗi da O take farawa saboda rubutun Faransanci. Inda abin ya fi ban tsoro shi ne sunan 'yar Umar ɗin nan da aka canza. In aka rubuta shi da boko Asiya yake fitowa, daidai da sunan Asiya matar Fir'auna, mumina mai daraja. Na farkon da ain da sad ake rubuta shi, na biyun da alif da sin. Mai bin jerin harafin A a waya ba shi da hanyar gane wanne ke gabansa.

Akwai kuma wani zato da ya yaɗu, cewa duk kalmar da ta zo a cikin Alƙur'ani ta dace da suna. Gaskiya ne wasu sunaye masu kyau daga can suka fito: Tasnim da Salsabil maɓuɓɓugai ne a Aljanna, Afnan rassan itatuwa ne, Sundus alharini ne. Amma Alƙur'ani ya ambaci wuta kamar yadda ya ambaci Aljanna. Hawiya kalma ce mai taushi a kunne, har tana kama da Hauwa, amma a Suratul Ƙari'a sunan wuta ce. Haka Laza a Suratul Ma'arij. Wani lokaci kuma abin da ake ɗauka suna guntun magana ne kawai. Manal suna ne na Larabawa mai nufin abin da aka samu bayan nema, amma minal da ake ji a karatu ma'anarsa bai wuce "daga" ba. Littattafan soyayya da ake karantawa a waya da fina-finan Indiya da na Turkiyya sun ƙara cakuɗa lamarin, domin suna yakan shigo tare da jarumar labari, a so shi saboda ita, ba a san daga wane harshe ya fito ba.

Mai ja zai ce, to ai matsalar a fili take. A aji ɗaya sai malami ya kira A'isha Muhammad yara uku su miƙe, me zai hana iyaye su nemi abin da zai fitar da 'yarsu daga cikin taro? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa kowa sunaye goma da aka saba ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya saɓa wa al'ada a nan. 'Yarsa da aka haifa a 1793 tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon sunan tagwaye sai ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u da ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata. Abin lura shi ne ya kauce wa abin da aka saba ne don ya kai ga wata takwara da yake so 'yarsa ta yi koyi da ita. Kuma rumbun da ya ɗebo daga ciki har yau bai ƙare ba. Mai son harafin R yana da Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, da Rumaisa'u mahaifiyar Anas ɗan Malik. Mai son N yana da Nusaiba da ta tsaya kare Annabi (SAW) ranar Uhudu. Akwai Shifa'u da ta koya wa Hafsa rubutu, da Shaima'u 'yar Halimatus Sa'adiyya, da Umama jikar Annabi (SAW) da yake ɗauka yana salla, da Lubabatu matar Abbas. Wasu cikinsu ba a cika jin su ba, kuma kowanne yana da labarin da uwa za ta ba 'yarta ranar da ta tambaya.

Sunayen Hausa na asali kuwa an yi musu rashin adalci. Ana gudun su wai na ƙauye ne, alhali ma'anarsu a buɗe take ga kowa, ba sai an nemi mai fassara ba. Hausawa Kiristoci sun riƙe Alheri, Godiya, Murna da Kyauta, babu kuwa abin da ya hana Musulmi kiran 'yarsa da su. Yau a birni yarinya mai suna Kyauta ta fi mai suna Amira zama ita kaɗai a aji.

Haɗa 'ya'ya a harafi ɗaya ba haramun ba ne, kuma yana da daɗin ji. Wahalarsa takan fito ne a kan ta huɗu ko ta biyar, lokacin da kyawawan sunayen harafin suka ƙare, aka koma karɓar duk abin da ya samu don kada layi ya karye. A nan ne ake tsintar sunan da kakar yarinya za ta yi ta juya shi a baki ta kasa, ta haƙura ta laƙaba mata nata. Sai kuma maganar takardu. Suna mai rubutu iri uku yakan fito daban a takardar haihuwa, daban a makaranta, daban a katin ɗan ƙasa. Tun 2021 hukumar jarrabawar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma gyaran harafi ɗaya kan kai mutum ga rantsuwar kotu da zirga-zirgar ofis. Don haka duk wanda ke jiran haihuwa kuma ya ga sunan da ya kwanta masa, ya kai shi wurin malamin da ya san Larabci tun kafin a yi huɗuba, a rubuta masa shi da haruffansa na asali, a gaya masa ma'anarsa da wadda ta taɓa amsa shi, sannan a tsayar da rubutu ɗaya na boko da za a sa a kowace takarda.