Kafin a sa hannu: ilimomin da ke bayan kowane fayil na haƙar ma'adanai

Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adanan da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adanai ta 2007 kuma ta shimfiɗa yadda za a ba da izinin haƙo su. Shi ya sa makomar wani rami a Anka ko Itakpe takan bi ta teburin wani jami'i a Abuja. Fayil ɗin da ke gabansa yana ɗauke da rahotannin masana daban-daban, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko shi ne jiyoloji, ilimin duwatsu da tarihin samuwarsu. Shi ke bayyana dalilin da ya sa kuza ta taru a duwatsun Jos, zinare a yankunan Maru, Anka, Birnin Gwari da Ilesha, dalma kuma a kwarin Binuwai. Aikin ya daɗe a ƙasar nan: an gano kwal a Udi, kusa da Enugu, a 1909, aka kafa sashen binciken ƙasa a 1919, wanda a yau ya zama hukumar NGSA.

Daga nan sai jiyofiziks, mai auna maganaɗisu da nauyin duwatsu, wani lokaci daga jirgin sama, don hasashen abin da ke ƙasa ba tare da tono ba. Jiyokemistri kuma yana gwada turɓaya da lakar rafi don gano burbushin ƙarfe. Dukansu biyu alama kawai suke bayarwa. Sai an huda ƙasa da injin, an zaro samfurin dutse daga wurare da yawa, an kai ɗakin gwaji, sannan a iya faɗin yawan ma'adanin da ingancinsa. Rahoton da ya ambaci tan miliyan kaza ba tare da sakamakon huda ba, zato ne kawai.

Reshen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne nazarin ƙwayar ma'adani, wanda ke tantance abin da ke cakuɗe da abin da ake nema. Zamfara ta ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. A 2010 aka gano cewa dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje a Anka da Bukkuyum cike yake da dalma. Ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma an ƙiyasta cewa kimanin yara 400 ne suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwajin samfurin dutsen tun farko zai iya nuna dalmar.

Wannan ilimin ne kuma ke nuna ko za a ci riba. Tamar Itakpe ba ta da yawan ƙarfen da masana'antar Ajaokuta ke buƙata, don haka dole a niƙa ta a tace ta tukuna, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata ya fito a lissafi tun daga farko.

Na ƙarshe shi ne ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa da na muhalli, mai duba inda dagwalon wanki zai malala da halin da rijiyoyin maƙwabta za su shiga. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato suna nan har yau, shekaru da dama bayan tafiyar kamfanonin.

Yanzu da hankali ya koma kan litiyam a Nasarawa da wasu jihohi, fayiloli za su ƙaru. Jami'in da zai rubuta shawara ga shugabansa yana iya farawa da tambayoyi huɗu: an huda ƙasar? Wane ɗakin gwaji ne ya auna samfurin? Me ke cakuɗe da ma'adanin? Masanin da ya sa hannu a rahoton yana da rajista da majalisar COMEG?